Maruƙan da Kaka Ya Bari a Dangwali

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, da mai gaggawa da mai jan ƙafa. Kakana, mahaifin Babana, ya amsa kira da hantsin wata Laraba, a ɗakinsa na gidanmu da ke jikin tsohuwar ganuwa a Haɗejiya. Na zauna rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake manta tsofaffi a garin nan. A yi musu addu'ar uku, a yi ta bakwai, a raba rigunansu, shi ke nan, gaba kaɗan sai ka ji yara suna tambaya wai wa ya shuka tsamiyar ƙofar gida. Ba na so a yi wa Kaka haka.

Kafin azahar gida ya cika. Goggo, ƙanwar Baba, ta zauna a bakin ɗakin mamacin rungume da butarsa. Ba ta yi kuka ba. Duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta girgiza butar ta ce, "Kin ji, ko ruwan alwalarsa bai ƙare ba." Maƙwabcinmu tsohon soja, wanda ya dawo daga yaƙin Turawa na ƙetaren teku da ɗingishi, ya tsaya a ƙofar zaure ya ƙame kamar yana gaban hafsansa, hawaye na bin gemunsa, sai da aka kama hannunsa aka zaunar da shi. Washegari wata tsohuwa ta iso daga wani ƙauye na cikin fadama, can wajen Kirikasamma, ƙafafunta sun yi futu-futu, da ƙullin bandar kifi a kanta. Ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta ajiye ƙullin a tsakar gida ta ce, "Ina 'ya'yan mutumin da ya fitar da mu shekarar ruwa? Na zo in gan su."

Mutum ɗaya ne ya ba kowa mamaki, shi ne Kawu. Kawun Baba ne, ƙanin mahaifiyarsa, amma duk gidan da Kawu muke kiransa har mu jikoki. Da aka je gaya masa rasuwar, an same shi yana tufka igiya a ƙofar gidansa. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "To, ya gudu ke nan. Bai ba ni amsata ba."

Da aka fito da gawa, kafin a yi mata salla, liman ya juyo ya ce wanda duk yake da wani haƙƙi a kan wannan bawan Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Kawu yana sahun gaba, kafaɗarsa na gogar ta Baba, bakinsa a rufe. Da aka dawo daga maƙabarta Baba ya shigo cikin gida ya kira ni gefe. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, Kawu bai yafe ba. Ina kusa da shi, bai yafe ba." Daga ranar Baba ya daina cin abinci. A kai masa tuwo ya dawo yadda aka kai shi, fura ma sai ya kurɓa don kunyar mai damawa. Mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa, amma a kwanakin nan ya zama maraya sosai, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Sai na koma baya, don wanda bai san gidanmu ba ya gane abin da ke tsakanin tsofaffin nan biyu.

Mu asalinmu makiyaya ne da suka zauna gari. A shekarar da Nasara suka fasa garin nan, da bazara ne, shanun unguwarmu duk an shigo da su cikin ganuwa saboda tsoro. Kaka yana matashin magidanci a lokacin, da matarsa ta fari da jariri ɗaya, shi ne Baba. Kawu kuwa ko gemu bai fito masa ba, yana cikin 'yan baka, masu kwari da kibiya da aka ba tsaron ƙaramar ƙofar da ke kallon fadama. Da safiyar ranar yaƙin, bayan an fara jin igwa, sai dattawan unguwa suka ce a fitar da mata da yara da shanu ta wannan ƙofa, a haye kogi da su zuwa tudun da ke ƙetare. Aka ɗora wa Kaka jagoranci don shi ya fi kowa sanin mashigi. 'Yan baka kuma aka ce su riƙe ƙofar har faɗuwar rana, in sun janye su bi ta wata hanya daban, su ja abokan gaba nesa da masu hayewa.

An riga an yi tatsar safe a lokacin, maruƙa suna kan dangwali. Dangwali ita ce doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa a jere, don kada su bi iyayensu kiwo su shanye nonon yamma. Kowace safiya ta Allah haka ake yi, shanu su fita, maruƙa su zauna. Kaka ya kora shanu ya bar maruƙan a ɗaure kamar kullum. Ana ta cewa kafin rana ta yi tsaka za a kori Nasara kowa ya dawo gidansa, ga shi maraƙi ba ya sauri.

Tafiyar da makiyayi zai yi kafin hantsi ya dubi ludayi, ita ta cinye musu yini, saboda tsofaffi da masu ciki da masu kaya. Sai da la'asar suka shiga ruwa, shanu da mata a cakuɗe a mashigi ɗaya mai laka. La'asar kuwa lokacin komawa gida ne a wurin saniya mai shayarwa. Hantsarsu ta cika, babbar saniyar da ke gaba ta yi kuka ta juya, sauran suka bi ta, suka fuskanci gari. A daidai nan 'yan baka suka ɓullo a guje ta hanyar da aka ce kada su bi, harsashi na bin su, suka cika bakin gaɓa. Shanu suka rasa gaba suka rasa baya, suka yi ta juyi a cikin mata.

Kakata tana tsakiyar mashigi, ruwa iya ƙugu, Baba na goye a bayanta. Da ta ga ƙahoni sun nufo ta, sai ta sauke masakin da ke kanta, ta zubar da kayan ciki, ta kwance goyon ta sa shi a ciki, ta tura masakin gefen da ruwa ke gangarawa. Wata mata ta tare shi can ƙasa cikin ciyawa, yana ta tsala kuka, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Kakata kuwa sai washegari aka sami gawarta.

Tun daga nan Kaka da Kawu suke gardama, har ranar da ciwo ya kwantar da Kaka. Ni na tashi na tarar da ita, na yi aure katanga ɗaya da gidan na ci gaba da jin ta, da tsufa ya kama Kaka na zama mai dama masa fura na zauna cikinta tsundum. Bayan sallar la'asar Kawu zai dogaro sandarsa ya shigo har tsakar gida, don shi ba baƙo ba ne.

"Sarkin Maruƙa, kana ciki?"

"Ina ciki, Sarkin Gudu. Shigo a hankali, yau ba mai bin ka."

Kaka zai fito da buzunsa ya shimfiɗa a gindin bango. Kawu ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana da'ira da kan sanda, ganuwa ke nan, ya ja layi mai lanƙwasa, kogi ke nan. Ƙwallon goriba shanu, tsakuwa mata, guntayen kara 'yan baka. In an gama jerawa, Kaka yakan miƙa hannu ya danna babban yatsansa a tsakiyar layin kogin, ya bar ɗan gurbi. Ba a sa komai a gurbin, ba kuma wanda yake cewa ga abin da yake nufi.

"Tambaya ɗaya nake maka," in ji Kawu. "Saniyar da ta ji bindiga a bayanta, gaba take yi ko baya?"

"Gaba."

"To me ya juyo da naka baya?"

"Ni ma tambaya ɗaya. Har yaushe aka ce ku riƙe ƙofa?"

"Har faɗuwar rana."

"Ta faɗi?"

"Kai ka taɓa tsayawa gaban bindiga mai ruwa? Abu yana tofi ba ya tsayawa shan iska!"

"Ban ce ku tsaya ku mutu ba. An ce in kun janye ku bi ta cikin ƙaya ku ja su arewa. Ta ina kuka bi?"

"Ta inda ƙafa ta gani."

"Ka ji. Da hanya a buɗe take, da shanun sun haura gaɓa sun tafi wurin 'ya'yansu, ba abin da za su taka sai ciyawa. Ku kuka toshe musu baki."

"Da ka fara hayar da mata, ka tsare shanu a tudu, da ko aljanu ne suka toshe baki ba abin da zai faru."

"Waɗanne matan? Wata fa turmi ta ɗauko. Turmi! Na ce ta yar, ta ce na uwarta ne. In tsaya jiran turmi da garke a fili, igwa na neman abin da za ta ci?"

Haka za su yi ta yi, goriba ta matsa nan, kara ya koma can. Wata rana gardamar ta koma kan mashigi, wai me ya sa ba a raba jama'a biyu ba tunda akwai wani a ƙasa. Kaka ya ce wancan yana da zurfi, Kawu ya ce da bazara ko akuya ta haye shi. Wuri ɗaya kawai suke haɗuwa. An yi kwanaki ana jin labarin Nasara na tafe, amma manya suka hana kowa fita don kada a ce gari ya tsorata, sai da wuta ta kama sannan aka ce a kwashe mata. In sun zo nan sai ɗaya ya ce, "Allah ya jiƙansu, su ma a bakin ƙofa suka kwanta," ɗayan ya ce amin, sannan su koma kan juna da sabon ƙarfi.

Ƙarshen gardamar kullum iri ɗaya ne. Kawu zai sassauta murya, ya nuna gurbin yatsan nan da haɓa, ya ce, "Ita ce mai tatsa, ta fi ka sanin shanun nan. Ta ce maka a tafi da maruƙan ko ba ta ce ba?" Kaka ba ya amsawa. Sai ya dubi sama ya ce magariba ta gabato, ya jawo butarsa. Kawu ya shafe zanen da ƙafa ya tafi yana ƙunƙuni. Wannan ita ce amsar da ya ce Kaka ya gudu bai ba shi ba.

Ni bakina ba ya shiru, kuma jika ce, ina da izinin tsokana. Wata rana na dire musu ƙwaryar fura na ce, "Ku tsofaffin nan, an ci ku da yaƙi tun ba a haifi uwata ba, har yau ba ku gama gudu ba? Nasaran ma sun fara maganar komawa garinsu."

Kaka ya ce, "Amarya, in kin gaji da aurena ki faɗa, ba sai kin zagi rundunata ba."

Kawu ya ce, "Wace runduna? Shanu da turmi?"

Amma wani abu ya faru da ya sa na fara kallon gardamar da wani ido. Wata la'asar Kawu bai zo ba, ƙafa ta dame shi. Tsohon sojan nan ya leƙo gaida Kaka, ya tarar da shi zaune shi kaɗai da goribarsa. Don ya faranta masa sai ya ce, "Baba, ai kai ke da gaskiya. Mu a soja, wanda aka ba tsaron baya in ya bar wurinsa kafin lokaci, hukuncinsa mai tsanani ne. 'Yan baka ne suka kashe mutanen nan."

Ban taɓa ganin ran Kaka ya ɓaci haka ba. Ya miƙe zaune, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "Kai da aka ba ka bindiga da takalmi, kai ne za ka yi wa yaron nan shari'a? Da baka da kibiya ya tsaya gaban wuta tun hantsi har la'asar. Ka tambaye shi mutum nawa suka taso daga ƙofar nan cikin abokansa. Tashi ka ba ni wuri!" Sojan ya fita yana ba da haƙuri. A zaman makokin nan ya gaya mini cewa bayan kwana biyu ya je wurin Kawu don ya gyara, ya ce masa ai barin maruƙa shi ne babban kuskure. Kawu ya ɗaga masa sanda, ya ce wanda bai taɓa korar garke da mata da jarirai a ƙarƙashin igwa ba ya kama bakinsa. Sojan ya ce da ni, "'Yata, na yi yaƙi a daji da ruwa, ban taɓa shiga tsakanin wuta biyu irin ta tsofaffin nan ba."

Kaka yana da wata magana da kowa ya san shi da ita, wato "A fara da ƙanana." In an kawo abinci, a fara da ƙanana. In za a shiga kwalekwale, a fara da ƙanana. In an yanka rago, kafin manya su ga tsoka sai yara sun ga hanta. Muna yara mun ɗauka son jikoki ne kawai.

Tsohuwar da ta kawo bandar kifi ita ta cika mana labarin shekarar ruwa, wanda a da gutsi-gutsi muka sani. A shekarar Kaka yana da shanu a wata ruga kusa da ƙauyensu. Ya ga yadda kogi ke cin gaɓa, ya bi gida-gida yana cewa a tashi. Mutane suka ce shinkafa ta kusa nuna. Mai unguwarsu ya ce in suka tashi ruwa bai zo ba, ƙauyukan kewaye za su mayar da su abin dariya a kasuwa. Kaka ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidan mai unguwar ya zauna, ya ce, "Na taɓa zama a garin da ya ji kunyar fita da wuri. Ba zan tashi daga nan ba sai ka ba da umarni." Ya wuni a nan, ya ƙi ruwa ya ƙi abinci, har mutumin ya gaji ya ce a tashi. Kaka ya sa aka fara loda maruƙa da yara a kwalekwale, shanu suka bi 'ya'yansu da iyo ba wanda ya ɗaga musu sanda, mata suka haye a bayansu ruwa ya lafa. Tsohuwar ta ce da suka waiwaya bayan kwana biyu, sai kan rumbuna kawai ake gani. Shinkafa ta tafi, amma ko kaza ba su rasa ba.

Na taɓa tsokanarsa a kan wannan. Na ce, "Angona, kai da ka ce ba maruƙa ba ne, me ya sa shekarar ruwa su ka fara sawa a jirgi?" Ya kurɓi fura ya yamutsa fuska ya ce ta yi tsami, wai hannuna ya fara lalacewa.

Na daɗe kafin na gane abin da ke ƙarƙashin gardamar nan. A gidajenmu namiji ba ya faɗin sunan matarsa ta fari, ba ya kiran ɗansa na fari da suna, ba ya kuka a ga hawayensa. Kaka ya sake aure, ya haifi su Goggo, ya binne wannan matar ma, amma ban taɓa jin ya ce ga yadda kakata take ba, fara ce ko baƙa, mai dariya ce ko mai shiru. Baba kansa "yaron nan" yake ce masa har ya yi furfura. Ni da nake ɗauke da sunanta bai taɓa kirana da shi ba, sai Amarya. Kawu kuwa in yana cikin raha Yaya yake ce mini. Mutanen nan biyu su kaɗai suka rage a duniya da suka san fuskarta, kuma kunya ta hana su zama su ce sun yi kewarta. Sai suka samo hanyar da ba mai ganin laifinsu, ta zancen ƙofa da mashigi da wa ya kamata ya fara hayewa. Kowace la'asar suna kai ta tsakiyar ruwa su tsaya da ita a can. Da na gane haka na daina yi musu dariya, ko da yake ban daina tsokana ba, don in na daina za su san na gane.

Ciwon Kaka bai yi tsawo ba. Kawu yakan zo ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Sarkin Maruƙa, tashi mana, ka bar gari ba tsaro." Kaka ya yi murmushi, ba ƙarfin amsawa. Ranar Larabar, an gama tatsar 'yan shanun da suka rage mana a bayan gida, an kora su, maruƙa na kan dangwali suna kukan iyayensu. Ni kaɗai ce a ɗakin, ina jiƙa masa leɓe. Sai ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya kira ni da sunana na yanka. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, kuma na san ba ni yake kira ba. Ya yi magana a fili, kalma biyu uku. Na tashi da gudu na je bayan gida na kwance maruƙan duka, suka bazu a tsakar gida suna tsalle, har ɗaya ya kifar da tukunyar Goggo. Da na dawo ɗaki ya riga ya tafi.

Ban gaya wa kowa ba. Na ji kamar na leƙa abin da bai kamata in gani ba, kamar in na faɗa na tsiraita shi. Da Goggo ta yi faɗan wa ya saki maruƙa, na yi shiru aka ɗora wa yara.

Ranar addu'ar uku, maza sun cika zaure, Baba na cikinsu ya rame kamar wanda ya yi jinya. Da aka yi la'asar sai ga Kawu ya dogaro sanda ya shigo tsakar gida kamar kullum. Ya zauna a wurinsa, ya share ƙasa, ya zana ganuwa, ya ja kogi. Ya jera goriba da tsakuwa da kara. Sannan ya zauna yana kallon bango inda buzun Kaka ke zama. Ni dai zuciyata ta karye, kuma na tuna tuwon Baba da ke dawowa. Na shiga ɗaki na ɗauko buzun na shimfiɗa na zauna a kai, na miƙa hannu na danna yatsana a tsakiyar kogin.

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka yafe masa ba?"

Ya ce, "In na yafe, magana ta ƙare. Da wa zan ƙara yin zancenta? Kuma yana riƙe da amsata."

"Ya ba da amsar. Ni ya ba wa."

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ya kira sunanta, Kawu. Ya ce, 'Kin yi gaskiya. Kwance su, mu tafi da su.' Shi ne maganarsa ta ƙarshe."

Sai Kawu ya yi wata dariya da ta koma kuka a tsakiya, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ya ce, "Na sani. Wallahi na san ta faɗa. Yayata ba ta barin ɗan kowa a ɗaure, ko ɗan akuya ne." Ya share ido, ya ɗauki guntayen karan nan na 'yan baka ya riƙe a tafinsa yana kallo. Ya ce, "Shekara da shekaru yana ɗauke da wannan shi kaɗai, wawan tsoho. Ai ko ya kwance su, mu mun bar ƙofa. Rana ba ta faɗi ba, Yaya. Da sauranta sosai."

Ya miƙe da ƙyar, ya nufi zaure. Na bi shi na tsaya a bayan asabari. Ya tsaya a tsakiyar maza ya ce, "Jama'a, ranar Laraba liman ya yi tambaya ban amsa ba. Ku shaida, na yafe wa mijin yayata duniya da lahira, in ma akwai abin yafewa." Ya juya wurin Baba ya ce, "Kai kuma ɗansa ne, ɗanta ne. Su biyun sun wuce inda ba zan iya roƙonsu ba. Ka yafe mini a madadinsu."

Baba ya kama hannun Kawu da hannu biyu yana gyaɗa kai, ya ce, "Na yafe, Kawu. Na yafe." Da magariba ya aiko a kawo masa tuwo, ya ce a ƙaro miya, shi da Kawu za su ci. A wannan zaman ne Kawu ya gaya masa cewa mahaifiyarsa doguwa ce, mai wushirya, kuma in tana tatsa waƙa take yi wa shanu. Baba bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Har yanzu Kawu yana zuwa bayan la'asar, ni nake zama a kan buzun. Sai dai gardamar ta juye, shi yake cewa ƙofa ce, ni nake cewa maruƙa ne, kuma ba na raga masa don na ga yana jin daɗin hakan.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sa ya tarar da wadda ta riga shi hayewa tana jiransa a tudu, ya gaya mata da bakinsa abin da ya gaya mini.